Zangarniyar da Aka Rataya a Saman Murhu

Akwai wani manomi da yake noma gonar aro. Irin dawar da yake shukawa gado ne, daga ubansa, shi ma daga nasa uban, har can inda ba mai iya tunawa. Dawa ce mai kyan gani daga nesa. Sai dai in ka murza zangarniyar, sai ta bar maka baƙin gari a tafin hannu. Burtuntuna ke nan, ciwon da ke bin iri.

Kowace kaka manomin yakan zauna ya tsince zangarniyoyin da suka fi kyau, ya ce, "Bana kam ta ƙare." Burtuntuna ba ta taɓa yi masa musu ba. Dawowa kawai take yi. Rumbu kuwa kullum kafin damina ta tsaya ya riga ya yi fayau.

Wata rana mai gonar ya zo. Ya dubi hannun manomin, bai yi faɗa ba. Ya miƙa masa zangarniya guda, fara tas, ya ce, "Ɗana, wannan daga gidana take. Shuka ta."

Manomin ya rataya ta a saman murhu, inda hayaƙi ke korar ƙwari, yadda ake ajiye iri. Da rana yakan kishingiɗa yana kallonta tana lilo a cikin hayaƙi, har gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya ga gona fara ta miƙe ba iyaka, iska na kaɗa ta. Damina ta zo ta wuce. Tsohon iri ya shuka.

Matarsa ta ce, "Baban Rahila, dawar nan ado aka ba mu?"

Ya ce, "In na sa ta a ƙasa ruɓewa za ta yi."

"To, a sama me take yi? Ni dai ban taɓa tuƙa tuwon kallo ba."

Da bazara ta sake zagayowa, ya sauko da ita, ya murje, ya shuka, ransa ba daɗi. Bayan ruwan fari ya je ya tona rami ɗaya da yatsa. Ƙwayar ta yi laushi, ta fashe. Ya koma gida ya ce, "Na faɗa miki. Ta mutu."

Matar ta ce, "Ka duba ƙarƙashinta?"

Bai duba ba. Saiwa ce a wurin, siririya kamar zare.

Da kaka ya murza zangarniya ta fari, ya buɗe hannu. Ya daɗe yana kallon tafinsa, babu ko ɗigon baƙin gari.

Ga ma'anar wannan misali. Tsohon iri shi ne halin da muka gada daga Adamu. Ba mu muka fara zunubi ba, amma ba za a ce ba mu taimaka ba. Tsince-tsincenmu na gyara kai yana da kyau, sai dai bai taɓa sauya iri ba. Mai gona Allah ne, kuma ba burtuntuna ya nufa da gonarsa ba. Sabon iri shi ne Almasihu, wanda aka sa a ƙasa ya kuma tashi, tare da sabon rai da yake ba masu binsa.

Dukanmu muna so a bar mu a rataye, ko da hayaƙi ne ke cinmu. Amma ranar da kuka tsaya a bakin kabarin mai bi, ku tuna da manomin nan. Abin da ya gani gaskiya ne, ƙwayar ta mutu. Tonon ne bai yi zurfi ba.