Yadda Goggo Niyun Ta Sama wa Haruffan Koriya Lambar Gida

Dalilin da ya sa kowace gaɓa a rubutun Koriya take da lambarta a cikin kwamfuta, ku matso ku ji, aikin wata tsohuwa ne.

Da can kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Sai ta yi shela: duk harafin da ke son shiga cikinta ya zo ya karɓi lamba. Haruffan boko suka yi layi, harafin A a gaba ya baza ƙafafu, kowa ya karɓi tasa.

Na Koriya kuwa ba sa zaman layi. Biyu ko uku suke curewa wuri ɗaya, a karanta su gaɓa guda, kowace gaɓa gida ce. A gidan da ake kira Han akwai maigida mai hula, da matarsa doguwa a gefensa, sai uwarsa, Goggo Niyun, zaune a ƙasansu ta miƙe ƙafa.

Da 'yan gidan Han suka zo karɓar lamba a cure, kwamfuta ta ce da muryar hanci, "Ɗai-ɗai. Na gaba."

Aka jera su. Layin rubutu ya ƙare daidai kan matar, Goggo ta faɗo layin ƙasa ita kaɗai, cikin baƙi.

Ta lallaɓa ta zauna a tsakiyar allo. "Ke 'yar nan, shekara ɗari biyar ina zaune da ɗana, yau ke za ki raba mu?"

"Doka ce, Goggo."

"Dokar wa? Lambar gida a ƙofa ake buga ta, ba a goshin masu gida ba. Ba inda zan motsa."

Rubutu ya tsaya cik. Kwamfuta ta gaji ta ce, "Na yarda. Gida nawa ne?"

"Waɗanda ake ciki, ko har da na gobe?"

"Wane na gobe kuma?"

"Samarin haruffa da 'yan mata gare mu, ba su daidaita ba tukuna. Ran da suka daidaita, a titi za su tare?"

Kwamfuta ta haɗa kowa da duk wanda zai iya aura. Gida dubu goma sha ɗaya da ɗari da saba'in da biyu! Jikinta ya ɗau zafi, fankarta ta kama gurnani, amma magana ta riga ta fita. Goggo ta koma ƙasan ɗanta ta miƙe ƙafa.

Shi ya sa har yau kowace gaɓar Koriya ke da lambarta, har dubban da ba mai rubuta su. Gidajen na nan a share, amare ba su iso ba.