Tabawa, Kura da Ruwan Gauɗe

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Wata yarinya ce, sunanta Tabawa. Kakarta ta koya mata zanen gauɗe, kwalliyar nan da 'yan mata ke yi a goshi da kumatu. A dandaƙa 'ya'yan gauɗe, a matse ruwan, a tsoma tsinke a zana. To, ruwan gauɗe yana da wani hali: in an shafa, kamar ba a shafa ba. Sai an jima yake yin baƙi. Kowace yarinya ta san haka. Kura ce ba ta sani ba, ita kuwa tambaya ba ta dame ta ba.

Ran nan ana jibi salla, Tabawa ta ɗauki ƙoƙo ta shiga daji. Ta tsinki gauɗe, ta dandaƙa a kan dutse, ta matse, ƙoƙo ya cika. Ɗagowar da za ta yi, sai ga Kura tsaye, miyau na zuba. A zamanin nan Kura fes take, ba ɗigo ko ɗaya a jikinta.

Kura ta ce, "Yarinya, yau na yi kalaci."

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Inna Kura, sannu da hutawa. Haka za ki ci salla, ba ko kwalliya?"

Kura ta dubi zanen da ke goshin Tabawa, abin ya ba ta sha'awa. Ta ce, "Yi mini irinsa. In ya fito, ki tafi. In bai fito ba, ki shiga ciki."

Tabawa ta tsoma tsinke, ta zana mata a ƙafar gaba. Kura ta duba, ba komai. Ta ce, "Ruwa kika shafa mini."

"A jira kaɗan, Inna."

"Ƙara!"

Ta tsoma tsinke, ta zana a ɗaya ƙafar. Kura ta duba, ba komai.

"A jira kaɗan, Inna."

"Ƙara!"

A na uku Kura ta ce rowa ake yi mata. Ta fizge ƙoƙon, ta yayyafa a baya, ta yayyafa a ciki, ta yayyafa a wuya. Ragowar kuwa ta tsoma baki a ciki har idanu. Ta duba, ba komai. Ta ce, "To, yarinya, matso."

Tabawa ta ce, "Ai laifin kallo ne, Inna. Gauɗe kunya gare shi, ba ya fitowa ana kallonsa. Rufe ido ki ƙirga goma."

Kura ta rufe ido. Ita kuwa ƙirgenta bai wuce uku ba. Ɗaya, biyu, uku. Ɗaya, biyu, uku. Tana nan tana neman huɗu, Tabawa ta kwashi zane ta zura da gudu.

Da Kura ta gaji ta buɗe ido, sai ta bi sawu. Gudu, gudu, gudu. Rana na dukanta, gauɗe na aikinsa, ita ba ta sani ba. Tabawa ta iso rafin bakin gari, ta faɗa, ta haye, ta zube a kan yashi don gajiya. Tsakaninta da Kura sai ruwan nan, bai ko kai gwiwa ba.

Kura ta sunkuya za ta tsallaka. Sai ta ga wani dodo a cikin ruwa, baki baƙi ƙirin, jiki dabbare-dabbare, ya zuba mata ido. Ta yage baki, ya yage. Ta yi baya, ta ce, "Ranka ya daɗe, ban san taka ba ce. Ci abarka, ni wucewa nake yi."

Ta juya ta yanki daji, wutsiya a tsakanin ƙafafu.

Tabawa ta yi dariya har da hawaye, daɗi ya kama ta. Ta ɗaga murya ta ce, "Inna Kura, ya fito!"

Ta shiga gari da ƙafafunta, ta faɗa jikin kakarta. Kura kuwa ta wanke, ta goge, ta kankare, zanen yana nan har gobe.

Wanda ba ya iya jira, da hannunsa yake ɓata kansa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, na ajiye ta a nan, mai so ya ɗauka.