Manomin da Ya Hana Tudu Sa Riga

Akwai wani mutum da ya gaji gida a gindin wani tudu. Ba Allah ne ya tsayar da tudun ba. Masu haƙar kuza ne suka tula jar ƙasa suka yi tafiyarsu. Kowace damina laka takan gangaro, har ta cinye rabin katangarsa. Ya san in ba a riƙe tudun ba, wata rana laka za ta binne ɗakin kwanansa.

Sai ya dasa itatuwa a gangaren. Mutumin kuwa manomi ne na gaske, ba ya ƙaunar ganin ciyawa. Da ciyawar kiri-kiri ta leƙo, sai fartanya. Yakan share gangaren fes kamar tsakar gidan amarya. Ruwa ya zo ya kwashe dashen. Shekara uku ke nan.

Matarsa ta ce, "Baban Rifkatu, kullum kana tuɓe wa tudun nan riga, kana kuma mamaki yana jin sanyi."

Ya ce, "Ki ji da tukunyarki. Ubana bai haifi rago ba."

A shekara ta huɗu, da ya gama dashe, santsi ya kwashe shi a gangaren, ƙafarsa ta karye. Ya kwanta damina guda. Masu wucewa suna ɗaga murya, "Sannu, sarkin noma! Bana ciyawa za a girbe?" Yakan juya fuska bango. In hadari ya taso, yakan kasa kunne yana jiran laka.

Laka ba ta zo ba.

Da kaka ya dogara sanda ya hau. Ciyawa har gwiwa. Ya buɗa ta da hannu, sai ga dashensa tsaye, kore shar. Ya tona gindin ɗaya. Saiwoyin ciyawa sun saƙe kamar tabarma, ƙarƙashinsu ƙasa ta fara baƙi, ga tana tana motsi a wurin da tun yana yaro bai taɓa ganin abu mai rai ba. Ya cire hularsa, ya durƙusa a kan ƙafar mai lafiya, ya ce, "Ya Ubangiji, ina kwance kana aiki."

Ma'anar wannan misali ita ce: tudun nan zuciya ce da duniya ta haƙe ta yar. Ubangiji ba ya fara rayar da ita da manyan itatuwa; da ciyawa yake farawa. Mashayin da ya soma zama a bencin baya a coci, bai iya ko waƙa ɗaya ba, tsiron farko ke nan. Mu kuwa masu tsabta, har da mu matan zumunta, harshenmu ya fi fartanya kaifi. Muna nome shi, sa'an nan mu ce bai kama ba.

Ku ajiye fartanyar tun ƙafarku tana lafiya.