Furen Inna da Agwagin Maƙwabciya

Akwai wata mata da 'yan unguwa suke kira Fes-fes saboda tsabar tsaftarta. Tsafta dai abu ne mai kyau, amma tata ta zama ciwo. Idan baƙo ya sha ruwa a gidanta, kafin ya kai ƙofa zai ji tana dirzar kofin da soso. Maigidanta ma sai ya wanke ƙafa a bakin famfo kafin ya shiga ɗakinsa.

A bayan gidan akwai ɗan fili da ta mayar lambun furanni, ja da fari da rawaya, kowanne a layinsa. Amma akwai shuka ɗaya da take ji da ita fiye da duka. Ganyenta mai kauri ne da taushi, furenta ruwan hoda, ƙamshinsa yana kaiwa har kicin. Ba wanda ya san sunanta. A gidan ana ce mata furen Inna, domin mahaifiyar Fes-fes ce ta dasa ta da hannunta a zuwanta na ƙarshe kafin ta rasu.

Katanga ɗaya ce ta raba Fes-fes da wata tsohuwa, Iya mai agwagi. Tsakar gidan Iya kullum a caɓe yake, ga kashin agwagi, ga gashinsu yana yawo a cikin kwanon ruwa. Ko gaisuwar tsohuwar nan Fes-fes da yatsina fuska take amsawa.

A gindin katangar akwai wata kafa da ruwan sama yake bi. Ta nan agwagin suke kutsowa da sassafe, su zaga lambun suna cusa baki a ƙarƙashin ganye, su koma. Fes-fes ba ta taɓa tambayar kanta me suke tsinta ba. Abin da suke bari kawai take gani.

Wata safiya ta fito ba takalmi, ta taka kashin agwagwa, ɗumi-ɗumi, ya shiga tsakanin yatsunta. Har amai sai da ta yi. Ta tsaya a jikin katanga ta zazzaga wa tsohuwa masifa, ta ce gidanta ba juji ba ne.

"Ki yi haƙuri, 'yata," in ji Iya. "Dabba ba ta san iyakar gida ba."

"Ita ba ta sani ba, ke ai kin sani."

A ranar ta sa maigidanta ya toshe kafar da bulo da siminti, ta tsaya a kansa har ya gama.

Da damina ta kankama, sai baƙi suka sauka. Dodon koɗi ne, amma irin marar ƙoƙon nan a baya, tsirara, jiki duk yauƙi kamar majina. Da farko sawunsu ta fara gani, wani farin zare yana ƙyalli a kan dakali. Sai ta ɗaga wata tukunyar fure, ta gan su a dunƙule a ƙarƙashi, manya da ƙanana, suna motsa 'yan ƙahoninsu. Tsigar jikinta ta tashi. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba.

Kuma duk lambun nan ba abin da ya yi musu daɗi kamar furen Inna. Kullum da safe sai ta tarar da sababbin huji a ganye, toho kuwa tun bai buɗe ba sun cinye shi.

Taɓa su dai ba za ta yi ba. Ta ɗaura tsohon cokali a kan doguwar sanda, ta naɗe hannu da leda, tana kwasa tana kau da kai. Ina za ta kai su? Sai ta dubi katanga. Ai ƙazanta gidan ƙazanta ta dace da shi. Ta wurga wa Iya.

Ba ta tsaya nan ba. Duk reshen furen Inna da ta ga yauƙi a jikinsa, sai ta sa almakashi ta datse, ta cilla shi ƙetare, da shi da abin da yake manne a kai. Tana jefawa za ka ji agwagi sun ruɗe da kuka suna wawaso.

Maigidan ya ce mata ai ta buɗe wa agwagin Iya gidan abinci, har da kai musu gida. Ya ƙara da cewa shi dai bai taɓa ganin waɗannan halittu da yawa haka ba sai da aka toshe kafar nan. Ta watsa masa wani kallo, ta ci gaba da jifanta. Iya kuwa ko tari ba ta yi ba.

Jifa bai rage komai ba. Ta kwashe yau, gobe wasu sun fito. Ran nan haushi ya ishe ta, ta ɗebo gishiri a kicin ta barbaɗa wa wani ƙato. Ya murɗe, ya yi kumfa, ya narke ya zama wani ruwa mai rawaya-rawaya. A wannan karon daɗi ya fi ƙyanƙyami yawa. Ta samo magani.

Ta ɗauko gishirin gidan gaba ɗaya, ta sayo ƙari, ta zagaye gindin furen Inna da shi har ƙasa ta yi fari fat. Maigidan ya tambaya ko bai yi yawa ba, ta ce ina ma laifin ya ƙaru. Da yamma aka sheƙa ruwan sama, gishirin ya narke ya bi ƙasa.

Dodon koɗi sun mutu, gaskiya ne. Amma ganyen ma ya fara langaɓewa, bakinsa ya ƙone. Ta yi ta ban ruwa, a banza. Karan ya yi baƙi ya yi laushi. Ranar da ta ɗan ja shi, sai ya taho a hannunta, saiwar ta ruɓe tana wari. Ta zauna daɓas a ƙasar da ko takawa ba ta yi sai da takalmi, ta fashe da kuka.

"Inna ta sake mutuwa," ta ce wa mijinta. "Wannan karon ni na kashe ta."

Ta daina shiga lambun. Bayan wasu makonni tana shanya, sai ta ji wani ƙamshi da ta sani. Ta ɗauka kewa ce take yi mata wasa da hankali. Amma ƙamshin daga ƙetaren katanga yake zuwa. Ta kifa bokiti ta hau ta leƙa.

A tsakiyar caɓin nan, cikin fasassun robobi da tsofaffin bokitai, ga furen Inna nan reras, ya fi nata kauri, ganye ko huji ɗaya babu. Agwagi suna zagaye shi suna cusa baki a ƙarƙashi.

Tunda ta tare a unguwar ba ta taɓa taka gidan Iya ba sai ranar. Takunta na farko takalminta ya maƙale a caɓi. Wari ya buge ta, ta haɗiye. Ta durƙusa ta gaida tsohuwa, ta nuna furannin.

"Rassan da kike jefo mini ne," in ji Iya. "Na ga da sauran ransu, na ce bari in soka su a ƙasa. Sauran kayan kuma agwagi sun gode."

Kunya ta rufe Fes-fes, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta faɗi labarin gishiri, ta faɗi wanda ya dasa furen, ta nemi gafara. Iya ba ta bari ta roƙa ba. Ta jawo robar da ta fi cika da fure ta miƙa mata, ta ce ta nemi wani wurin ta dasa, wancan sai ƙasar ta huce.

Robar tana ɗiga da baƙar ƙasa mai takin agwagi. Fes-fes ta sa hannu biyu, ba leda, ta rungume ta a jikin farar rigarta har gida.

Da ta ajiye, guduma ta nema. Maigidan ya ce ta kawo ya fasa, ta ce ita ta sa aka toshe kafar, ita za ta buɗe. Washegari agwagi suka shigo a jere, suka yi aikinsu, ɗaya ta tsaya a kan dakali ta bar nata tukuicin. Fes-fes ta kalla, ta yatsina fuska, ta toshe hanci. Sannan ta ɗebo ruwa ta wanke.

Darasi: Kada ƙyama ta rufe maka ido ka wulaƙanta mutum, domin wanda kake toshe wa hanci yau yana iya zama shi ne yake kare maka abin da ka fi so ba ka sani ba. Kuma maganin da aka zuba cikin fushi yakan haɗa da abin da ake son ceto. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta, musamman waɗanda katanga ɗaya ta raba ku.