Rawar Hannun Jatau Mai Alewa

Dalilin da ya sa kuke ganin taurari sun cunkushe a wani gefen sama, wani gefen kuma fayau, ku matso ku ji.

A can farko, sama duka ba ta wuce curin alewa a tafin hannu ba, ga zafi kamar yanzu aka sauke ta daga wuta. Aka ba wasu 'yan'uwa biyu masu alewa aikin shimfiɗa ta. Jatau, babban, shi ne mai barbaɗa riɗi, ƙanensa Nomau shi ne mai ja. Aka ce lallai ne riɗin ya bazu daidai wa daida.

To, Jatau ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, ya kuwa ɓoye. Tsoronsa kada a ce ya koma gefe ya huta, shi da bai iya komai ba sai wannan sana'a. Bawan Allah ya barbaɗa iya ƙoƙarinsa, amma hannun ya ɗan motsa, kaɗan dai, ko ido bai gani ba.

"Nomau, dakata in duba," in ji shi.

"Yaya, alewa ba ta jira. In ta huce mun shiga uku."

Nomau ya fizga. Kafin ƙiftawar ido curin nan ya miƙe ya wuce inda gani ke kaiwa, ɗan kuskuren ma ya miƙe tare da shi ya zama ƙato. Nan riɗi ya yi yawa, can ya yi ƙaranci.

Jatau ya zauna daɓas, hawaye na zuba. "Na ɓata mana aiki. Hannuna ne."

"Ai na daɗe da sani, Yaya," in ji Nomau. "Ɗaga kai ka gani."

Inda riɗi ya yi yawa, ƙwayoyin suka riƙa janyo juna, suka dunƙule, suka yi zafi har suka kama da haske. Inda ya bazu daidai kuwa, kowace ƙwaya ana jan ta ta ko'ina, ta rasa wurin zuwa. Masu ilimi har gobe suna gardama ko janyowar wancan lokacin irin ta yanzu ce, wannan ruwansu. Nomau dai ya ɗauki kwanon riɗin ya mayar wa yayansa a hannu.

Shi ya sa har yau taurari suke gungu-gungu, ranar da ke busar mana da gero ma cikinsu ta fito. Don haka in kakanku ya zubar da koko a riga, duk wanda ya yi dariya, ni da shi ne.