Telan Da Ya Yi Wata Biyu Yana Ɗinka Iska

"Wai mutumin da aljihunsa ya bushe, me tausa za ta yi masa?"

Wata mata na ji tana tambayar ƙawarta haka a layin asibiti, har da tsaki. Kun san ni bakina da nauyi a cikin mutane, sai na sunkuyar da kai. Amma a nan zan iya ba ta amsa.

Akwai wani tela da ya raɗa wa kansa suna Sarkin Almakashi, har ya rubuta a ƙofar shago. Gwani ne, wannan babu musu, sai dai girman kai kamar ya fasa hula.

Da kasuwa ta mutu, mutane suka koma wa tsofaffin kayansu, sai ya ɓoye wa kowa, har matarsa. Kullum ya buɗe shago ya hau keke babu zare babu yadi, ya yi ta takawa, don masu wucewa su ji ƙara su ce aiki ya yi masa yawa.

Wata biyu yana ɗinka iska. Ga taka keke, ga tunanin haya, ga rashin barci. Rannan ya wayi gari wuyansa ya ƙage, dama kawai yake iya kallo. Ko sallamar salla sai ya juya da dukan jikinsa.

Matarsa ta ce, "Maigida, bari in tausa maka. Kakata ta koya mini."

Ya ce, "Tausa? Aikin tsofaffi da 'yan hutu ke nan. Ni yawan aiki ne ya kama ni."

Ta ce to. Ita ke wanke kayansa, kuma da can sai ta tsince guntayen zare a wandonsa kafin ta jiƙa. Yanzu ta daɗe ba ta ga ko sili ɗaya ba. Ta dai ci gaba da wankinta.

Ranar da arziki ya tashi zuwa, sai ya shigo ta hagu, don can ƙofar shagon take. Shugabar wata makaranta ce, tana neman mai ɗinka wa ɗalibanta kayan makaranta.

Ta yi sallama, ya amsa yana kallon bango. Da zai juya da jikinsa, da ta ga keke tsirara, don haka ya kifa a kai ya rufe shi da hannun riga.

Ta yi bayani tsaf, shi dai bango.

"Malam, ni ba mutum ba ce? Ko wurin bangon na zo?"

"Ina jin ki, Hajiya, ci gaba."

"An ce mini kana da girman kai, ban yarda ba sai yau. Gobe da safe zan kai wa telan bakin kasuwa."

Kafin la'asar ya dawo gida a karkace kamar kaguwa. Ya zauna a tabarma, sannan ya ce, "Amarya, wannan abin na kakarki, yana da zafi?"

Ta ɗumama mai, ta tsoma tawul a ruwan zafi ta ɗora masa. Ta fara daga kafaɗa. Kamar an cusa masa duwatsu a ƙarƙashin fata. Ta danna da babban yatsa.

"Wayyo! Kashe ni za ki yi ki ci gado?"

A hankali ta ce, "Wane gado, Maigida?"

Sai dariya ta ƙwace masa, yana yi yana riƙe wuya. Kakar tata kan ce abin da baki ya ƙi faɗa, kafaɗa ke ɗauka. Tana murzawa, magana na fitowa.

"Wata biyu ke nan ko aljihu ban ɗinka ba. Yau kuma aiki ya zo da ƙafarsa, na nuna masa ƙeya."

Ta ce, "Allah Sarki. To ka je ka gaya mata yadda ka gaya mini."

Kafin ta rufe baki barci ya riga ya kwashe shi, yana minshari tun rana ba ta faɗi ba.

Da safe wuya ya fara juyawa, ko da yake ba duka ba. Tun kafin a kaɗa ƙararrawa yana ofishin shugabar. Ya faɗi komai, har da keken da babu zare. Ta yi dariya har tana dafa tebur.

Da ta goge hawaye ta ce, "Rabin aikin zan ba ka. Sauran rabin ka je ka karɓa a wurin bango."

Ya karɓa hannu biyu. Rabin ya biya haya, shago bai rufe ba.

Sati na zagayowa matar ta ɗauko wandonsa za ta wanke, ga zare nan shuɗi da fari manne ko'ina. Ta tsince tana murmushi. Har yau bai san ta gano shi tun makon farko ba.

Darasi: Tausa ba ta cika aljihu, amma tana sassauta jijiya, ta kawo barci, ta buɗe bakin da girman kai ya ɗinke. In babu ta matsa, kada ka ɓoye wa na kusa da kai, kuma kada ka raina hannun da ke gidanka. Ku tura wa duk wanda kuka ga kafaɗarsa ta yi nauyi.

Masu shirin tambayata wane tela ne, ku huta, wannan kam ba zan gaya wa kowa ba. Bari in je, wanki na jirana, kuma sai na tsince zare tukuna.