Madubin Bindiga da Tsamiyar Bayan Gidanmu

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Malama Aina'u ta Islamiyyarmu ce ta ce in rubuta a karanta wa mata ranar wa'azi. Na ce mata ni firamare kawai na yi, kuma ko a aji ba na iya ɗaga murya. Ta ce ba murya ta tambaye ni ba. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa, domin a gidanmu abin ya faru, kuma har yanzu in na tuna sai in ji kamar ana kallona. Ba zan faɗi sunan mutumin ba, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Yana dai cikin ƙasar Dawakin Tofa.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a ƙauyenmu, manomi ne, kuma aminin Babanmu tun suna yara. Tare suke sahu a masallaci, tare suke cin tuwo a zaurenmu. Mu ma Baba muke ce masa. 'Yarsa Raudatu ƙawata ce, tare muka tashi.

Yana da wata ƙaramar bindiga ta harbin tsuntsu, irin wadda ake karya ta a tsakiya a saka mata ɗan dalma guda ɗaya. A wajenmu gona tana taɓa katangar gida, gida yana taɓa gona, babu wani daji. In gero ya nuna, shi ake kira ya kori tsuntsaye. Kurciya da hasbiyar da ya harbo yakan raba wa gidaje. Kowa yana sa masa albarka.

Da ɗan ƙarfen da ke bakin bindigar da ɗan tsagin da ke bayanta yake saiti. Da shekaru suka fara ja, ido ya rage, sai ya riƙa kuskure. Wata rana ya shiga Kano ya dawo da madubin hangen nesa, irin wanda ake ɗaura wa bindiga a samanta.

A ƙofar gidanmu aka ɗaura shi. Babanmu ne ya riƙe bindigar, shi kuma yana ɗaure noti. Suka kafa murfin gwangwani a jikin kuka. Ya harba, Babanmu ya je ya zagaye wurin da dalmar ta faɗa da gawayi, ya dawo a murɗa wasu 'yan maɓallai a jikin madubin, a sake harbawa. Haka suka yi ta yi har dalma ta riƙa faɗawa daidai inda layuka biyu na cikin madubin suka gitta juna.

Babanmu ya leƙa ya ce, "Kai, Malam! Da wannan ai har kwarkwatar kan kurciya za ka gani."

Ya ce, "Har aljihunka ma, in ga goron da kake ɓoye mini."

Suka yi dariya. Muna jin su daga soro, mu ma muna dariya.

Akwai wata babbar tsamiya a gonarmu, jikin katangar baya. Mutumin ya ce wa Babanmu daga samanta zai fi ganin gonakin unguwar duka. Babanmu ya ce, "Gonata ai gonarka ce, hau." Da hannunsa ya kafa masa turaku a jikinta don hawa ya yi masa sauƙi.

Ya 'yan uwa, madubi ba shi da laifi. Abin da aka nuna masa shi yake kawowa kusa. Da farko tsuntsu mutumin yake nuna masa. Daga baya ya gane cewa daga wannan reshe ana ganin cikin gidanmu. Shaiɗan bai ce masa ya haura katanga ba. Ce masa ya yi, juya bindigar kaɗan kawai, wa zai sani?

Ya juya.

Innarmu ce ta fara lura da wani abu. Ta ce wa Babanmu, "Malam, wai shi amininka, tun da ya sa madubin nan ba mu ƙara ganin kurciya a tukunya ba. Kuma kullum yana sama, amma ba a jin ƙarar harbi."

Babanmu ya ɓata rai. Ya ce, "Kul! Mutumin da ya yi wa 'ya'yana huɗuba? Kada in ƙara jin wannan."

Inna ta bar maganar. Mu kuma muka ci gaba da zamanmu kamar yadda mata suke zama in babu namiji a gida. A cire ɗankwali saboda zafi, a ɗaura zani a ƙirji a yi daka, a shiga wanka. Wurin wankanmu kuwa kamar na kowa ne a ƙauye, katanga ce kawai, babu rufi. Wa yake tsoron sama?

Akwai abin da duk mai bindiga ya sani, shi ma ya sani. Madubin nan a jikin bindiga yake a ɗaure. Duk inda ya kalla, nan bakin bindiga yake kallo. Kuma ba ya hawa sai da dalma a ciki, domin in wani ya zo wucewa ya yi saurin harba wa tsuntsu, a ga aiki yake. Ashe duk kwanakin nan muna daka muna tankaɗe, bindiga mai dalma tana bin mu daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Wata Alhamis bayan la'asar, Raudatu ta zo in yi mata kitso. Ba ta gaya wa kowa a gidansu ba, ta biyo ta ƙofar gaba. Ta zauna a tabarma, ta cire ɗankwali, ta warware gashinta, ta ba katangar baya baya. Ina tsaye a kanta da mataji, tana tsokanata wai hannuna kamar na mai cirar gyaɗa.

Abin da zan faɗa yanzu mutumin ne ya faɗe shi da bakinsa a gaban mai unguwa. Ya ce ya ga wata budurwa da gashi a buɗe, bai san ko wace ce ba, sai ya tsayar da madubin a kanta yana jira ta juyo. Na kai wajen kunne, na ce mata ta juya. Ta juyo. Fuskar 'yarsa ta cika masa madubi. Ya zabura, yatsansa kuwa yana kan kunamar bindiga.

Ni dai wani ɗan ƙara na ji, kamar an karya kara. Sai Raudatu ta dafe idonta na hagu, jini yana bi ta tsakanin yatsunta. Ba ta ma yi ihu ba da farko. Cewa ta yi, "Sakinatu, me kika soka mini?"

Aka ɗauke ta a a-daidaita-sahu zuwa asibiti a Kano. An ceci ranta. Idon bai dawo ba.

Da farko mutumin ya ce kurciya ya nufa a kan katanga. Babanmu ya so ya yarda, wallahi ya so. Amma shi ya zagaye wuraren dalmar nan da gawayi, ya san bindigar ba ta zuwa sai inda aka kalla. Kafin magariba ya taka turakun da ya kafa da hannunsa, ya hau tsamiyar. Ya tarar da reshe ya yi sulɓi saboda zama. Ya tarar an sassare ganye an yi 'yar taga. Tagar ba gona take kallo ba. Tsakar gidansa take kallo, da wurin wankan matarsa da 'ya'yansa.

Ya daɗe bai sauko ba. Da ya sauko, bai iya haɗa ido da ɗayanmu ba.

Hukuma ta karɓe bindigar, ta tsare mai ita na wani lokaci. Da ya fito, matarsa Furera ta riga ta kwashe 'ya'yanta ta koma wajen danginta a Shanono. Gonarsa ta tafi a magani. In ya shiga sahu sai na kusa da shi ya matsa. Babu wanda ya kore shi, da kansa ya bar garin. An ce yana wajen Ungogo yana ɗaukar bulo a wurin masu gini. An ce ya je Shanono, ya tsaya a ƙofa ya yi ta sallama, Raudatu tana ciki tana ji, ba ta amsa ba.

Ya 'yan uwa, me ya samu? Ya sayi madubi don ya ga nesa, ya rasa na kusa da shi duka. Malama ta koya mana cewa saboda ido aka shar'anta neman izini kafin a shiga gidan mutane. Wanda ya tura idonsa cikin gida, ya riga ya shiga, ko da ƙafarsa tana waje. Kuma cin amanar wanda ya yarda da kai ya fi na baƙo ciwo. Da ɓarawo ne ya leƙa mu, da mun zage shi mun manta. Wannan kuwa mu muke kai masa ruwan wanke hannu.

Kada wata ta ce ai mu ba mu da bindiga. Akwai waya, akwai ramin katanga, akwai kunnen da ake kasawa a jikin zana. Wanda ya keta suturar gidan wani, shin yana da tabbacin ba tasa ce a ciki ba?

Ya Allah ka tsare mana idanunmu daga abin da ba namu ba. Ka rufa mana asiri a gidajenmu. Ka ba Raudatu haƙuri da lada. Allah ya kiyaye mu da zuri'armu, amin.

A ranar da Babanmu ya sauko daga tsamiyar, babu wadda ta iya shiga wanka a gidanmu, har Inna. Washegari da safe, bayan na yi sallah, na jawo damin kara daga bayan rumbu, na jingina tsani a katangar wurin wankan, na hau na fara jerawa. Ban iya ba, karan yana ta zamewa. Ina cikin haka na ji tsanin ya daina rawa. Na duba ƙasa, Babanmu ne ya riƙe shi da hannu biyu, kansa a sunkuye. Na ci gaba da jera karan har na rufe saman duka.